Tabarau ɗin Lauya Neville

Ƙanena Neville ya shekara talatin da ɗaya yana sayar da sigari a kantin da babanmu ya bar masa a bakin kogin Murray a Ostareliya, kuma bai taɓa karanta sunan da ke jikin kwali ba. Bai iya karatu ba. Ni kaɗai na sani, don ni na riƙa yi masa aikin makaranta har ya gudu, kuma ni nake cike masa takardu. Da launi yake aiki: ja a dama, shuɗi a tsakiya, mai ruwan zinariya a sama. Kullum da tabarau rataye a wuyansa, in an miƙo masa takarda sai ya ce gilashin ya yi datti.

Da gwamnatin Ostareliya ta ce kowane kwalin sigari zai koma launi ɗaya, ba tambari ba ado, kamfanonin taba suka garzaya babbar kotu a Canberra, wai an ƙwace musu dukiya ba diyya. Wata ƙungiya da suke ciyarwa ta zo neman mai kanti mai fuskar tausayi, ta dace da Neville. Suka sa masa riga mai guga, suka yi ta biya masa magana har ya haddace. Sai ga ƙanena a talabijin yana kaɗa yatsa, wai tambari dukiya ne, tsarin mulki ya kare shi. Mutumin da ko katin gaisuwa sai na karanta masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A mashaya aka laƙaba masa Lauya, sakaran ya ɗauka yabo ne. Har ni ya ce wa in daina sa baki, harkar shari'a ba ta mata ba ce.

Kotu ta ce hana su amfani da tambarin aka yi, gwamnati ba ta mallake shi ba, don haka ba diyya. Masu ba da riga suka daina ɗaga wayarsa.

A Disamba sababbin kwalaye suka iso, duk launin lakar kogi, sunan sigarin a ƙasa da ƙananan haruffa, a sama hoton ruɓaɓɓiyar ƙafa ko baƙin huhu. Girman kai ya hana shi kirana, sai ya haddace hotuna: kwali mai hoton ƙafa na tsoho Merv ne, mai askin tumaki. Bai san hotunan zagayawa suke yi a kan kowane iri ba.

Wata Asabar da safe, kanti cike, ina layi da madarata, Neville ya miƙa wa Merv kwali mai hoton ƙafa. Merv ya juya kwalin.

"Lauya, yaushe na fara shan mai na'a-na'a? Karanta min abin da aka rubuta nan."

Neville ya ce gilashinsa ya yi datti. Merv ya zare tabarau ɗin daga wuyansa, ya goge tas da bakin rigarsa, ya ɗora masa a hanci. Ƙanena ya daɗe yana duban kwalin, leɓensa na motsi, sannan ya ɗago ya dube ni yadda yake dubana yana ɗan shekara bakwai.

"Yaya Noelene, me aka rubuta?"

"Ka tambayi tsarin mulki," na ce.

Na ajiye madarar na fita. Tun daga ranar bai sake rataya tabarau ba, bai kuma sake ce min yaya ba.