Daɓen Ɗakin Iya

Buhunan siminti ne abin da idona ya fara sauka a kai da mai babur ya ajiye ni a ƙofar gidan kakata a Indabo. Guda uku ne, an jingine su a zaure, an yafa musu tsohuwar tabarma. A gidan nan kaf babu abin da aka yi da siminti, shi ya sa na tsaya ina kallonsu har na manta ban yi sallama ba.

Hutun makaranta ne, cikin bazara, ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Wudil. Umma ce ta turo ni in yi wa mahaifiyarta mako biyu. Iya muke ce mata.

Ɗakin Iya kaɗai ya rage mai jinka a unguwar. Zagayayye ne, kaurin bangonsa ya kai kamu guda, kuma idan ka matsa kusa za ka ga sawun yatsun waɗanda suka yi masa yaɓe. Na sha saka yatsuna a ciki, nawa sun yi ƙanana. Ƙofar gajera ce, babba duk girmansa sai ya sunkuya. Da azahar, lokacin da ɗakinmu na kwano a Wudil yake gasa mutum, na Iya sanyi yake kamar cikin randa. Ƙasan daɓe ne, ja mai duhu, yana sheƙi. Mahaifin mijinta ne ya gina ɗakin, a ciki kuma ta haifi Kawu da Umma.

Sai dai wannan karon na tarar daɓen bakin ƙofa ya farfashe. Jinkar ta yi yoyo a daminar da ta wuce, ruwa ya cinye wurin. A nan Iya ta yi tuntuɓe ta gurɗe ƙafa, shi ne Kawu ya kawo siminti.

Kawu ɗan farin Iya ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye idan da wani a wurin. Washegari da ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ni ina gefe ina tsince shinkafa.

"Inna, ranar Asabar magini zai zo ya zuba simintin nan," in ji shi.

Iya ta juyo wajena. "Ƙawata, gaya wa yayan uwarki ba a yi wa daɓe faci da siminti."

Yana jinta sarai, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Amma haka na ɗaga kai na maimaita.

Kawu ya yi dariya. "'Yar aike, ce mata wa ya rage yana daɓe a garin nan? Ƙawayen nata da ƙyar suke ɗaga buta."

"Ce masa ya zo Asabar ɗin. In ya tarar da rami, ya zuba abinsa."

Ya yarda. Da zai fita ya ce mini a hankali ba ƙin ɗakin yake yi ba, karaya yake jiye mata. Na gyaɗa kai, don na ga yadda take ɗingishi.

Da yamma Iya ta aike ni gidaje biyar, in gayyato ƙawayenta aikin daɓe. Wannan ya fi mini komai wuya, domin ni ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu nake buɗe baki. A kowane gida sai na gaida kowa, a tambaye ni Umma, a tambaye ni mutanen Wudil, kafin in samu in faɗi saƙon. A gida na huɗu, ina jiran matar gidan ta idar da salla, na ga wani tsoho a ƙarƙashin darbejiya yana yanta shuci, wato yana jera ciyawar jinka yana ɗaure ta da igiya. Dammuna da yawa a bayansa. Na ƙirga goma sha ɗaya.

Mata uku suka zo da safe. Mai koko, da ungozoma, da matar tsohon nan mai shuci. Kowacce da madaɓinta, guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi. Mai koko ta ce nata a ƙofar akurkin kaji ta zaro shi, shekara da shekaru yana tokare da ita. Iya tun kwana biyu ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, a tsohuwar tukunya. Ruwan ya yi baƙi, warinsa ya cika tsakar gida.

Aka kwashe fasasshen wurin, aka zuba birji, aka yayyafa ruwa. Suka durƙusa a jere suka fara. Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba. Madaɓan ba tare suke sauka ba, ɗaya na bin ɗaya, ungozoma na ba da waƙa, sauran na amsawa. Iya ba ta iya durƙuso, sai ta zauna a bakin gado tana nuna wuri da sandarta.

Ba a jima ba suka fara haki. Ungozoma ta miƙo mini nata.

"Karɓi, 'yar birni. Ko biro kaɗai hannun ya iya riƙewa?"

Na karɓa. Don kada a ce na kasa, na tattara ƙarfina na dinga dukan wuri ɗaya. Da na ɗaga, ga rami kamar an ajiye ƙwarya.

"To, ga rijiya an haƙa mana a ɗaka," in ji mai koko. "Saura guga."

Suka yi ta dariya, ni kuwa ƙwalla ta cika mini ido. Iya ta kira ni, ta ce in leƙa bayan gadonta. Can jikin bango akwai wani ɗan loko a cikin tsohon daɓen, santsi ya rufe shi.

"Aikin uwarki ne wannan," in ji ta. "Ita har kuka ta yi. Naki cikewa za a yi, don a hanya yake. Ki daina faɗa da ƙasar. Ki sake hannu, ki dinga matsawa."

Na koma. A hankali na gane inda nawa madaɓin zai faɗa, tsakanin na mai koko da na matar mai shuci. Ƙarar ta fita har waje. Kafin azahar matan maƙwabta sun fara leƙowa, wasu da goyo. Suka tsaya kallo, suka yi dariya, daga baya suka ce a ba su su gwada. Kwana uku muna yi. A daɓe, a bari ya sha iska, a yayyafa makuba, a sake daɓewa. Tafin hannuna ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe, na ɓoye shi a cikin hijabi don kada a hana ni.

Ranar Asabar Kawu ya zo da magini. Ya cire takalmi, ya sunkuya ya shiga. Ya bi wurin da tafin ƙafa yana neman inda sabo ya haɗu da tsoho, bai samu ba. Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa. Ruwan ya tsaya a sama, ya gangara, bai nutse ba. Magini ya tsuguna ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce shi dai ba shi da aiki a nan.

"Har da hannun 'yar aike a ciki?" in ji Kawu.

Na sunkuyar da kai, amma sai da na buɗe masa tafin hannuna ya gani.

Kawu ya ce zai kwashe simintin. Sannan ya ɗaga kai ya dubi jinkar, inda haske ke shigowa ta ƙananan huji.

"Inna, ƙasa ta yi. Amma ruwan farko zai mayar da ku inda kuka fito. Dole a sa kwano, kuma kwano ba ya zama a zagayayyen ɗaki. Sai an rushe an ja kusurwa."

Na juya wajen Iya ina jiran ta ce "gaya masa". Ba ta ce ba. Gaskiya ya faɗa, kuma roƙon ɗan fari ba abin da bakinta zai iya ba ne. Ta dubi bango, tana shafa sabon daɓen da ƙafarta mai ciwo.

Kawu ya yi sallama ya fita. Ina jin su a zaure shi da magini suna ɗora buhunan a kan babur. Na tashi na bi shi, ba wanda ya aike ni. Na durƙusa a gefensa har ya juyo.

"Me ta ce kuma?"

"Ba ita ba ce, Kawu. Ni ce."

Ya saki igiyar da yake ɗauri da ita, ya tsaya yana saurare.

"Akwai wani tsoho a bayan masallaci, yana da shuci dami goma sha ɗaya, ya riga ya yanta. Don Allah, Kawu, kafin ka sayi kwanon, ka zo in raka ka wurinsa."