Ranar da Aka Kira Lambarsa

Wata uku na yi ina kallon ɗana yana wasan ƙwallo a Amurka, ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallon ba, ko da da ɗan yatsa. Abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata ya ci wa mai furfura irina.

Ɗan fari ne, ban saba kiran sunansa ba, ba kuma a nan zan fara ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara goma sha uku, muna Damagaram. Kawunsa, wanda ke tuƙa babbar mota a Amurka, ya roƙe ni in ba shi yaron ya sa shi lekkol, wato makaranta, a can. Na ba shi, ni kuma na tsallako iyaka na hauro Tamanrasset na buɗe shago, ina sayar da ganyen shayi da sukari da barguna. Abin da ya rage tsakanina da ɗana shi ne wayar ranar Lahadi. Bayan azahar zai kira, ya tambayi kasuwa, in tambayi karatu, mu yi sallama. Ban da wannan wayar ba ni da komai nasa sai hoto.

Yaron ya yi jiki, ya ɗauko ƙirar dangin uwarsa. Saboda jikin nan wata jami'a ta ɗauke shi ya yi mata ƙwallo irin tasu ta can, ta kuma ɗauke masa nauyin karatu. Shekarar farko a benci ya yi ta. A ta biyu, wata Lahadi wajen ƙarshen damina, ya ce mini an sa shi cikin masu fara wasa, zai turo mini hanyar da zan riƙa kallonsa ta waya. Tun da ya tafi, wannan ne karo na farko da ya ce in zo in ga wani abu nasa.

Ni kuwa sai na ajiye kunyar ɗan fari a gefe. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a layinmu. Na sauko da tele daga ɗaki na girke ta bisa buhunan sukari, aka haɗa mini ita da waya. Asabar ranar hutu ce a ƙasar nan, wasan kuma yana farawa bayan la'asar, saboda haka samarinmu 'yan Nijar masu aikin gini suka cika ƙofar shagon, na ɗora shayi.

Abin da muka gani ya ɗaure mana kai. Ƙwallon kamar gwanda. 'Yan wasan sun sa hular kwano irin ta masu babur. Su jeru, su duƙa, su yi karo, su zube, su tashi, su haɗa kai su yi shawara. A sake jeruwa, a sake zubewa, a sake shawara. Ban taɓa ganin wasan da shawara ta fi aiki yawa ba, sai ka ce dangi sun taru rabon gado. Da ƙyar na gano nawa, lamba saba'in da huɗu, cikin ƙarti biyar da ke duƙe a gaba. Ana ba da ƙwallo sai ya tura wani ƙato, ƙaton ya tura shi, shi ke nan. Har aka tashi abin da ya yi ke nan.

Maƙwabcina mai sayar da tayoyi, mutumin Agadas, ya san ƙwallon ƙafa kamar yunwar cikinsa, bakinsa kuma ba ya ajiye magana. Ya tambaye ni a gaban kowa nawa ɗan nawa ya ci. Na ce yau ne farko. Mako na biyu ya sake tambaya, na uku ma haka. A na huɗu ya ce shi dai ya gane, gadi aka ɗauki yaron, sai dai gadin Amurka da hular kwano ake yinsa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma shayin ranar bai yi mini daɗi ba.

Samarin kuwa kowa ya zaɓi gwaninsa. Akwai siririn da ke jifa, wanda a farkon kakar wasa jifansa ke kaucewa, daga baya ya nutsu har yana jefa ƙwallo ta faɗa hannun mutum daga nesa. Akwai dogon da ke cafewa, mai rawar kai, in ya cafe ɗaya sai ya yi taku kamar angon da aka ba doki, sannan ya zubar da biyu. Akwai kuma gajeren da suke ce wa zomo, wanda in ya rungumi ƙwallo sai dai a ga bayansa. Zomon nan ya haskaka makonni, ya ji ciwo a gwiwa, aka rasa shi, ya dawo yana ɗingishi, ya sake kama gudu. Waɗannan uku ake nuno fuskokinsu, ana rubuta sunayensu a ƙasan tele. Har musu ake yi a kansu a ƙofar shagona, da shayina, a kan tabarmata. Nawa kuwa ko inuwarsa ba a ambata.

Mutum ɗaya ne ya ga wani abu daban. Wani dattijon magini ne daga Maraɗi, wanda ya yi kokowa a ƙuruciyarsa har kunnensa ɗaya ya lanƙwashe. Shi yakan matso kusa da tele ya zura ido. Wata Asabar ya taɓa gwiwata.

"Alhaji, bar kallon balo, dubi ƙafafun wanga yaro. Ɗan kokowa na. Duk inda zomon ga ya bi, ta bayan ɗanka ya bi."

Na ce masa ban kai ɗa Amurka don ya yi kokowa ba, in kokowa ce akwai rairayi a Damagaram. Ya mayar da idonsa kan tele.

Haushin da na kwasa ranar Asabar, a wayar Lahadi nake juye shi. Yaron ya yi mini bayani ya fi a ƙirga. Ya ce dokar wasan ma ba ta yarda a jefa wa mai matsayinsa ƙwallo ba, aikinsa ya tare mutane kada su kai ga mai jifa, ya kuma buɗe wa mai gudu hanya. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, na san duk inda aka ce doka akwai wanda ake yi wa magana. Na ce ya je ya sami mai horar da su, ya gaishe shi da ladabi, ya ce mahaifinsa na kallo daga nesa, a ba shi ƙwallon ko sau ɗaya. Da farko dariya yake yi. Daga baya ya daina dariyar, sai ya ce to, Baba. Wata rana ya gaya mini cewa mai horarwar ya tsayar da shi a gaban 'yan wasa duka ya yaba masa, don makonni ke nan ba wanda ya wuce ta gefensa. Na tambaye shi ko an nuna wannan a tele. Ya ce a'a. Na ce to ai ka ji. Daga ranar wayar ta fara gajarta, na lura, amma na ɗora laifin kan karatu.

Da sanyi ya sauko sosai, irin na garin nan mai shiga ƙashi, masu kallon sun ragu. Wasan ƙarshe ne ya sake tara su, don yaron ya ce in sun ci za su wuce gaba, in an cinye su kakar ta ƙare. Maginin bai zo ba, ya tafi Abalessa ginin katangar wani lambu.

Mun yi magariba mun dawo, wasan ya kusa ƙarewa. Aka miƙa wa zomo ƙwallo, ya bi ta gefen ɗana, ya ɓalle, bai tsaya ba sai ƙarshen fili. Samari suka miƙe tsaye. Sai muka ga alƙalin wasa mai riga zane-zane ya fito tsakiya shi kaɗai, ya fuskanci jama'a, ya yi magana, ya kama wuyan hannunsa ɗaya da ɗayan ya riƙe gam a gaban ƙirjinsa. Nan take tele ta cika da fuskar ɗana. Ga idanunsa ta cikin ƙarafan hula, ga lambarsa, ga sunansa da nawa a rubuce a ƙasa. Aka maimaita wurin a hankali, aka nuno shi ya cakumi wani ƙato ya kai shi ƙasa, zomo ya wuce. Filin ya ɗauki kuwwa.

Abin nema ya samu. Ni a ganina alƙali ya tsayar da wasa ne don ya shaida wa duniya wanda ya yi aikin, kama hannun nan kuwa alamar ƙarfi ce, ko yaro ya san haka. Mai tayoyi ya ce shi fa ya ga wani ƙyalle ruwan ɗorawa yashe a ƙasa, kuma a ƙwallon da ya sani wannan launin ba ya zuwa da alheri. Na ce masa katin gargaɗi ɗaga shi ake yi sama, ba a yar da shi, in hassada ce ya faɗa kawai. Lissafin cin wasan dama ban taɓa gane shi ba, yau a ƙara shida, gobe uku, saboda haka ban ko dubi kusurwar da ake rubuta shi ba. Na sa aka mayar da wurin baya na ɗauka da wayata, na fita na ce wa mai nama ya gasa wa kowa. Ina can ina zaɓen tsoka aka tashi wasan.

Kafin naman ya gasu na tura hoton cikin zauren danginmu na waya, inda shi ma yaron yake. Na bi shi da murya, na ce ga ɗanku, yau an tsayar da wasa an kira shi a gaban dubban mutane. Yayata da ke Damagaram, goggonsa, ita ta fara amsawa, da guɗa har sau uku. Daga nan saƙonni suka yi ta zuba, na Damagaram da na Maraɗi da na Kano, masu addu'a da masu kirari. Wani ƙanena har ya ce a yanka rago.

Da safe maginin ya dawo, ƙurar siminti a gemunsa. Ban bar shi ya zauna ba na miƙa masa wayar. Ya kalla, ya sake kalla, ya tsayar da hoton daidai kan fuskar. Ya tambaye ni ko na riga na tura wa mutane. Na ce tun jiya.

"Wagga ba huskar mai kaye ba ta, Alhaji. Dubi hannunai, riga ya riƙe. Laihi na aka kama shi da shi."

Na ɗauki wayar in goge, na ga kowa ya riga ya gani, wasu ma sun tura gaba. Magana zarar bunu ce.

Azahar ta wuce bai kira ba. Na auna wa wata mata sukari na zuba mata ganyen shayi a kai. Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi sanyi. Sannan ya gaya mini da kansa, a hankali, cewa riƙon da ya yi ya sa an soke cin, an mayar da su baya, ba su sake samun dama ba, an cinye su. Ya ce akwai waɗanda wasansu na ƙarshe ke nan a rayuwa, zomon nan na cikinsu, ya zauna a ɗakin sauya kaya yana kuka. Ɗan nawa kuma ya kunna wayarsa a wannan ɗakin, sai guɗar goggonsa ta tashi.

Na fara cewa ai ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba.

"Baba, duk kakar nan ba a kira lambata ba ko sau ɗaya. Aikin ke nan. Mai matsayina in ka ji an kira shi, ɓarna ya yi. Rana ɗaya na ɓata, ita ce kuma ranar da ka yi murna da ni."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya ce amin, ya ce a gaida mutanen shago.

Wasannin kakar suna nan ajiye a inda ya turo mini. Cikin sanyin nan na zaunar da maginin, muka bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko, ba mai tayoyi, ba samari. Ya nuna mini yadda yaron ke kafa ƙafar baya, yadda yake sa kafaɗa ƙarƙashin ta abokin karo, yadda yake sakin mutum ɗaya ya tari na biyu. A wani wasa na tsakiyar kaka an haɗa shi da wani da ya fi shi tsawo da faɗi, tun farko har ƙarshe mutumin bai taka inda yake so ba. Na kalli wannan sau huɗu. Ina zaune a gaban tele ranar da aka yi shi, ina ƙorafin ba a ba ɗana ƙwallo ba.

Da wata kakar ta zagayo na share wuri bisa buhunan sukari, na tanadi abin da zan ce masa game da ƙafar bayan nan. Lahadi ya kira bayan azahar, ya tambayi kasuwa, na tambayi karatu. Na jira ya ce zai turo hanyar kallo, bai ce ba. Na daure na tambaye shi ya wasa.

"Lafiya lau, Baba," ya ce. Sannan ya tambaye ni ko barguna sun fara tafiya.