Takalman Bakin Ƙofa

Jiya na ga takalma jibge a ƙofar ɗakin taronmu na Agege, a Legas, sai Hajiya ta faɗo min a rai, marigayiya uwar ƙungiyarmu ta 'yan mata.

Shekarar da aka haɗe reshenmu da na Oyingbo, takarda ce kawai ta haɗu. Muna kiransu baƙi, suna cewa Hausarmu rabinta Yarbanci ne, har sun fara zancen ficewa. Ranar taron farko takalmanmu na dama, nasu na hagu. Hajiya ta iso tana ɗingishi, tana warin man zafi, ta tsaya ta ƙare musu kallo.

"'Ya'yana, ni ba takarda nake dubawa ba, bakin ƙofa nake dubawa," in ji ta. Ta sa sandarta ta cakuɗa takalman kaf.

Da aka tashi ina durƙushe ina tono, haushi ya ishe ni, sai wata 'yar Oyingbo ta miƙo min silifas ɗina. "'Yar'uwa, naki ne mai tsinkakken hancin nan?" Dariya ta ƙwace mana. Ita ce ta riƙe hannuna ranar da na haifi 'yata ta fari.

Hajiya, har yau takalmanmu tsibi ɗaya ne. Allah ya kai haske kabarinki.