Neman Sabis a Tsakiyar Ruwan Wara

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Birnin Kebbi, ni da abokin karatuna. Aikin kammala digiri ne ya fito da mu: me ke sa ɗalibi ya sauke manhajar bankin Musulunci a wayarsa, me kuma ke hana shi. Ana hutu, sai muka bi ɗaliban har gida.

Kuɗin mota ya tashi, ramukan hanya kuwa ba wanda ya taɓa lafiyarsu. A Shanga muka tarar da ɗalibai uku suna bugun shinkafa. Biyu sun sauke manhajar don abokin ɗakinsu yana da ita, na ukun ya goge tasa saboda waya ta cika. A Yawuri, muna kan tuwon shinkafa da miyar kifi, wata ɗaliba Kirista ta ce ita ma da ita take aiki, don ba a yawan yanke mata kuɗi.

Washegari muka isa Wara, aka haɗa mu da ɗiyar wani masunci. Ranar za a rufe rajistar makarantarsu, kuma bana ta waya kaɗai ake biya. Mahaifinta ya daɗe da rantsewa cewa kuɗin kifinsa ba za su kwana inda ake cin riba ba. Sai da limamin unguwa ya zauna da shi ya yi masa bayani, sannan ya yarda aka zuba kuɗin a manhajar. Ana gama zubawa sabis ya ɗauke a garin.

Har azahar tana zagaya bakin ruwa da waya a sama.

"Ɗiyata, in ta ƙiya ki bari," in ji tsohon. "Allah bai nuhwa ba."

"Baba, in anka ruhe yau, sai baɗi," ta ce.

Tsohon ya miƙe. Ya kwance kwalekwalensa, ya ce masunta kan samu sabis can tsakiyar ruwa. Muka shiga mu huɗu, shi ke tuƙi. Abokina, da bai iya iyo ba, ya riƙe gefen jirgin hannu bibiyu. Sau biyu biyan yana ƙin tafiya, a na uku saƙo ya shigo. Tsohon ya sa ta karanta masa a bayyane.

"Ba su aza komi bisa ba?"

"Ba su aza ba, Baba."

Ya juya kan jirgin.

Mun dawo gida da ƙullin bandar kifi da ya ba mu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, waya ta ɗalibi ce, amma shawarar ba tasa ba ce shi kaɗai. A Wara sai uba ya yarda, liman ya sa baki, sannan a jira sabis ya ga dama.