Kalmar da Ta Nema Saboda Mijinta

A shekarar da nake koyar da Turanci kyauta a wani ɗakin laburare a Woolwich, akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin da ba ta taɓa fashin aji ba. Kowace Talata ita ke fara zuwa, ta zauna kusa da hita mai ɗumama ɗaki da ɗan littafinta.

Wata rana aka tashi, ita ta ƙi tafiya. Da guntun Turancinta da nuni da hannu ta fahimtar da ni cewa mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Bakinsa ya karkace, yawu na zuba. In ta tura shi a keken marasa lafiya cikin kasuwa, sai mutane su tsaya su zuba masa ido. Ta zaro idanu, ta saki baki, ta nuna mini yadda suke yi.

"Malama, me ake kiran wannan?"

Na ce mata ƙura wa mutum ido shi ne "stare". In kuma har da sakin baki, babu kunya, Turawan nan "gawp" suke cewa, mai yin haka kuma "gawper". Ta rubuta kowacce, ta sa fassara a ƙasa da rubutunsu.

"Wacce ta fi zafi?"

"Ta biyun, Mama."

Ta maimaita ta har sau biyar, ina gyara mata. Ni kuwa zuciyata na kan mahaifiyata. Lokacin da ta zo ganin jikokinta, wata mata ta ƙura wa tsagar fuskarta ido a cikin tram, jirgin ƙasa na cikin gari, a Croydon, har mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe kumatu. Duk kalmomin nan na san su a lokacin, amma ban buɗe baki ba.

Bayan mako biyu dattijuwar ta ce mini ta faɗa wa wani mutum kalmar a wurin jiran bas. Fuskarsa ta yi ja, ya ba da haƙuri. Amma da suka koma gida, mijin ya roƙe ta kada ta sake fita da shi. Ya ce muryarta ta sa har waɗanda ba su lura da shi ba sun waiwayo.

Ashe da ma kowace Talata sai ta tura shi wurin kula da marasa lafiya kafin ta zo aji, don ba su da mai zama da shi a gida in ta fita. Kafin sanyin shekarar ya wuce, ta daina zuwa aji.