Takardar da Na Ƙi Dangwalawa

Kwana tara na yi a filin jirgin wata ƙasar Larabawa, ban shiga gari ba, ban dawo gida ba. Aikin gini aka kai ni. Wanda zai tarye ni bai zo ba, fasfona kuma yana hannun ma'aikata. Rana ta tara aka kawo tafinta mai jin Hausa. Ya nuna min takarda, ya ce ta abinci ce, in dangwala yatsa. Na dangwala. Washegari aka sa ni a jirgin dawowa. Ban yi boko ba, har yau ban san abin da na amince da shi ba.

Shekaru suka wuce. Ina noma a Miri, nakan shigo gari aski wajen wani mutumin Bogoro mai shago kusa da barikin soja na Shadawanka. Wata rana da hantsi na tarar ya kunna fim ɗin Turawa da aka yi wa fassarar Hausa. Wani matafiyi ne ya maƙale a filin jirgi, yana kwana a kan kujeru. Masu jiran aski suna ta dariya. Ni bakin matafiyin nake kallo. Sai ya ɗan motsa baki ya yi shiru, amma muryar Hausa tana ta zuba.

Na ce wa mai askin, “Me ya ce?”

“Baba, ba ka ji ba? Ya ce nan ya fi gidan surukansa daɗi.”

“Wannan mai fassara ne ya faɗa. Shi me ya ce?”

Ya mayar da fim ɗin baya, ya kasa kunne ga Turancin da ke fita ƙasa-ƙasa.

“Cewa ya yi yana son ya kira gida.”

Wani soja da ke kan benci ya ce, “Baba, bincike ka zo ko aski? Fim ne fa.”

Na ce, “Fim ne. Aske min.”

A satin ne babban ɗana ya kawo min wani mutum gida, wai mai kai mutane aiki waje. Farar shadda, turare, yana ta ce min Alhaji alhali ban je Makka ba. Ya fito da takarda ta Turanci, shafi uku. Tun kafin in zauna ya buɗe tawada.

“Yardar uba ce kawai, Alhaji. Ka dangwala a nan.”

Na ce ya bar ta ta kwana. Ya ce gobe ake rufewa. Na ce to a rufe. Sai ya bar ta.

Na kai wa mai aski. Ya karanta ya ce za su riƙe fasfon yaron shekara biyu, kuma duk abin da ya same shi a can, ni uba na yarda ba zan kai ƙara ba. Shi ma ban gaskata shi ba. Wanda ke dariyar fassarar ƙarya zai iya ƙara gishiri. Na kai wa wata malamar firamare a unguwarmu, ban faɗa mata wani ya gani ba. Abin da ya ce shi ta ce. Ta ƙara da cewa babu sunan garin da za a kai shi.

Da na faɗa wa ɗana, ya ce, “Baba, kowa haka yake sa hannu.”

“Kowa ya dawo?”

“Don kai ba ka yi sa'a ba, shi ke nan ni ma sai in zauna?”

“Kai da gemunka, me suke nema da yatsana? In za ka tafi, ka tafi. Yatsan nan dai a'a.”

Mai shaddar ya zo karɓar takardarsa. Wannan karon bai ce min Alhaji ba. Ya ce in babu yatsan uba babu tafiya, kuma na cuci yaron. Wataƙila na cuce shi. Akwai waɗanda suka je suka dawo da mota, na gan su da idona.

Ɗana bai tafi ba. Acaɓa yake yi, ya koma kwana wajen abokinsa a cikin gari. Ranar Juma'a yakan zo ya gaida mahaifiyarsa, ni kuma ya gaishe ni daga tsaye. Ina nan Miri, ina girbin dawa ni kaɗai.