Sandar Injin Babana da Sabbin Tsarkiyoyi

Shekarun baya, tun Lafiya tana ƙarƙashin Filato, na mallaki wata 'yar ƙaramar jita mai tsarkiya huɗu. Wani malaminmu na kwalejin horon malamai, ɗan ƙasar Filifin, shi ya bar mini ita da zai koma gida. Ya ce sunanta ukulele. A unguwarmu dai ba wanda ya wahalar da bakinsa da wannan suna, kowa jaririyar jita yake ce mata. Ni kuwa ina rungume da ita kamar wanda ya gaji gona.

Ba a daɗe ba tsarkiyoyinta suka tsittsinke ɗaya bayan ɗaya. A ina zan samu wasu a Lafiya ta wancan lokacin? Sai na je kasuwa na sayo zaren fatsa na masunta na ɗaura. Tana kaɗuwa kam, amma muryarta ta koma siririya kamar kukan sauro. Mahaifiyata takan ce, "Kai ɗan nan, in kifi kake nema ka tafi rafi, ka ƙyale mana kunne."

Wanda nake so ya ji kuwa ba ya ji. Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a injin casar shinkafa, ƙarar inji ta cinye masa kunne. Yana jin tsawa, yana jin wucewar babbar mota, amma duk wata siririyar murya ta wuce shi. Mahaifiyata ta dage cewa da gangan ne, wai ya zaɓi muryarta ce ya daina ji. Shi kuma in ya ga bakinta yana motsi sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, haka ne," ko da kuwa zaginsa take yi.

Akwai wata waƙar gayya ta mutanen Kwandare da ya taso da ita. Muna yara kullum tana bakinsa, da ita yake dawowa daga aiki, kansa fari fat da dusa. Da kunnen ya tafi, sai waƙar ma ta bi shi, ya daina yi. Ni na zauna na laluɓo ta a jikin jitar nan har na iya, don kawai in mayar masa da abinsa. Ranar da na fara kaɗa masa, ya zuba wa yatsuna ido har na gama, sannan ya ce, "Madalla. Hannunka yana da sauri." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ko ɗigo bai ji ba, ya dai ƙi ya karya mini zuciya ne.

Ana cikin haka aka tura ni koyarwa can wajen Pankshin, zan tafi bayan ƙaramar Salla. Abin ya tsaya mini a rai. Baba ya manyanta, kunnen kullum ƙara baya yake yi, in na tafi bai ji ba, to yaushe?

Ina da wani aboki ɗan Eggon, direban babbar mota, yana kai doya da agushi Onitsha. Na yi masa bayani, na auna masa tsawon jitar da igiya. Da ya dawo ya miƙo mini wata 'yar ambulan yana washe baki. "Malam, wannan orijina ne fa. Mai shago ya ce biyu daga ciki an naɗe su da waya. In ka buga, har garin Adogi za a ji." Na buɗe na duba. Biyu na roba ne sumul, biyu kuwa masu kauri, an nannaɗe su da siririyar waya mai ƙyalli. Ban taɓa ganin irinsu ba. Na ce masa, "In ba a ji a Adogi ba fa?" Ya ce, "To ka koma kamun kifi."

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara aiki. Nan na gane cewa sayen abu daban, iya shi daban. Masu kaurin nan suka ƙi shiga 'yan tsagun da ke wuyan jitar, don an yi tsagun ne daidai siraran tsarkiyoyi. Na ɗauko reza na shiga kankara a hankali, gumi yana ɗiga ta haɓata, don in na zarce, shi ke nan na kashe ta, kuma babu wata a garin nan kaf. Mahaifiyata tana tankaɗe tana kallona ta gefen ido. Ta ce, "Yau kuma kaciya ake yi mata?"

Da suka shiga na fara murɗa kunnuwan jitar masu ɗaure tsarkiyoyi. Kowane murɗi sai katakon ya yi ƙas. Ɗan katakon da tsarkiyoyi ke hawa, wanda makaɗa ke kira jaki, na ga kamar zai ɗago. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ga shi sabuwar tsarkiya ba ta zama wuri ɗaya, kana saita wannan waccan ta saki. In na ja yatsa a kan mai naɗin sai ta yi ƙiiii kamar ƙofar langalanga. Kafin azahar kan yatsuna ya yi ja, na fara zagin abokina da mai shagon Onitsha a zuci.

Sai da suka ɗan lafa na sauke babban yatsa a kansu gaba ɗaya. Kai! Jaririyar nan ta yi magana da muryar babba. Wani amo mai kauri ya fito, har na ji shi yana kaɗawa a ƙirjina inda na jingina ta. Mahaifiyata ta ajiye rariya ta ce, "Ashe ta balaga."

Bayan la'asar na samu Baba a gindin mangwaron ƙofar gida. Na durƙusa dab da shi, na kaɗa waƙar tun daga farko har ƙarshe, ina danna masu kaurin da ƙarfi. Ya karkata kai, ya haɗa gira. Na ɗaga murya na ce, "Baba, kun ji?"

Ya ce, "Akwai wani abu. Kamar inji yana aiki a bayan gari. Amma ban san me yake cewa ba."

Duk wahalar nan, ashe guntun gunji kawai na samo masa. Na fara tattara kaina zan tashi, sai ya riƙe mini gwiwa. "Ina za ka? Shiga ɗakina, bayan ƙofa, ɗauko mini sandar aiki."

Na san sandar. Wata 'yar siririya ce da ba ta kai kamu biyu ba, ta yi baƙi da man inji. A wurin casa ƙara ba ta barin kowa ya ji komai da kunne, don haka in suna son sanin lafiyar inji sai su ɗora kan sanda a jikinsa, su danna ɗaya kan a ƙashin bayan kunne. Ta cikin ƙashi suke saurare. Na sha ganinsa yana yi ina yaro, amma ko a mafarki ban taɓa haɗa wannan da kiɗa ba.

Ya ɗora kan sandar a jikin jitar kusa da jaki, ya manna ɗaya kan a bayan kunnensa, ya rufe ido. "Tayar da injin."

Na fara. Ban kai rabin baitin farko ba na ga leɓensa yana motsi. Can sai murya ta fito, a dishe, tana rawa, tana bin kiɗan. Waƙar da gidanmu ya yi shekaru bai ji daga bakinsa ba. Na ci gaba da kaɗawa. Mahaifiyata ta fito ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu, tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne.

Muna tsaka da haka ya buɗe ido ya ɗaga hannu. "Tsaya. Wa ya koya maka nan wurin?"

Na ce, "Daga bakinku na ɗauka, Baba."

"Ba dai bakina ba. Nan sauka ake yi, kai kuma hawa kake yi kamar mai gudun kare. Maimaita."

Jama'a, ashe duk tsawon lokacin nan da nake hura hanci a unguwa, waƙar a karkace nake kaɗa ta, kuma mutum ɗaya tilo da zai iya gyara mini shi ne wanda ba ya ji. Ya sa na maimaita har sai da ta zauna. Mahaifiyata ta ce, "Ai gara da kunnen ya dawo ta kanka, ni na huta."

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi ɗauko sandar tun tuni. Ya ce, "Da can ba na jin komai, to me zan bi? Injin da bai tashi ba ai ba a sa masa sanda."

Wannan maganar ta zauna mini har yau. Na tafi da niyyar in kai masa waƙar cikakkiya, abin da na iya kaiwa bai wuce ɗan gunji ba, sauran tafiyar shi ya taho da ƙafarsa ya tarye ni. Tun daga nan na daina raina ɗan abin da zan iya yi wa mutum. A aji ma, in yaro ya ce mini ya ji wani abu amma bai gane ba, ba na karaya, na san an kusa.

Ranar da zan tafi, ya rako ni har bakin titi yana dogara sandar, alhali ba ta isa dogarawa ba. Na ce ko zai ba ni ita in tafi da ita. Ya maƙe kafaɗa ya ce, "A'a. Tana nan bayan ƙofa. Duk hutu ka kawo injinka in duba lafiyarsa."

Kuma na kawo, hutu bayan hutu, shekaru masu yawa. Yanzu sandar tana bayan ƙofata. Jikokina sun fara cewa sai sun maimaita magana kafin in amsa, amma ko a jikina. Na san inda ake ɗora ta.